Ɗan akwatin haɗa kilabiye da suri ya kusa haukata ni

Shagona ƙarami ne, nan cikin garin Tawa, aikinmu sezi da fotokopi da buga takardu, kuma rabin kiliyan ɗina ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ne, in lokacin kai memwar ya matso ko ruwa ba ka samun sha. Ordinater biyu gare ni bisa tebur guda kuma da dalili. Akwai tsohuwar inite santaral mai Windows 7, ita ce ta cusa kile USB ɗin mutane, ba ta taɓa ganin intanet ba kuma ba za ta gani ba, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Duk wanda ya zo da kile cike da birus ɗin nan mai maida dosiye rakursi, can muke sa shi, in ta kamu in goge ta in sake, ba asara. Sai portabul ɗina mai Windows 10, ita ce mai tsabta, nan aikina yake, nan lissahin shago yake, kile ɗin kowa ba ya taɓa ta.

To matsalar tebur ne. Kilabiye biyu, suri biyu, ekaran babba guda da nike cire wayarshi ina sauyawa, sai ka gan ni na duƙufa ina buga layi guda cur bisa kilabiyen da ba shi ba, ina kallon ekaran ina mamakin mi ya sa ba abin da ke hitowa. (Suri nike cewa irin na hannu wanda ƴan Najeriya ke ce ma linzami ko maus, ba surin gara ba, don wani ya taɓa yi mini dariya.) Wani abokina ya ce in sa lojisiyel irin su Barrier ko Mouse without Borders, amma waɗannan sai injinan biyu suna kan rezo guda, ni kuwa abin da nike gudu kenan. Shi ya sa na nemi ɗan akwatin nan da ake ce ma KVM, harufan na kilabiye da hoto da suri ne a Turancin Ingilishi, wato ka haɗa kilabiye guda da suri guda da ekaran guda a jikinshi, ka latsa buton ya miƙa su ga wadda kake so.

Nan Tawa ban samu ba, sai da na yi ma wani Alhaji mai saida kayan ordinater a Yamai magana, ya aiko mini cikin koli ta kar. Abu ne kamar kwalin ashana babba, baya akwai ramin HDMI uku, biyu na shiga guda na hita zuwa ekaran, da ramin USB mai kusurwa huɗu guda biyu irin na wayar imprimanti, kowace ordinater da nata. Gaba kuma ramin USB huɗu, ɗaya an zana kilabiye, ɗaya an zana suri, biyu ba a zana komi ba. Can gefe akwai wani ɗan rami ƙarami an rubuta DC 5V, ba a sako mishi sharjer cikin kwali ba, ni kuma da na ga hitila ta kama ba tare da shi ba sai na ce ado ne. Wanga ramin shi ne ya ci mini sati biyu, amma bari in bi da ku yadda abin ya tahi.

Ranar farko portabul ta hito tas, na latsa buton zuwa tsohuwa sai baƙi ƙirin. Tsohuwar VGA nike amfani da shi, mai shuɗin kai ɗin nan, to ina da wata ƴar adaptater cikin diruwa mai HDMI gefe guda VGA gefe guda, na haɗa kuma komi ya shiga daidai, shi ya ruɗe ni. Ashe abin hanya guda yake bi, daga HDMI zuwa VGA, ba ya komowa baya, don siginar VGA irin ta da ce mai tahiya kamar igiyar ruwa, ta HDMI kuwa lambobi ce, mai juya wannan zuwa waccan daban, mai juya waccan zuwa wannan daban. Ina cikin huci na juya inite ɗin na hure ƙurar da ta toshe bayanta sai ga wani rami mai kama da HDMI amma kusurwa guda a yanke, DisplayPort kenan, shekara nawa ina da injin ban san da shi ba. Na samo wayar DisplayPort zuwa HDMI wurin wani mai gyara, hoto ya hito. Wannan bai wuce yini guda ba.

Na biyu ya hi ban dariya. Na buɗe Word kan tsohuwa na buga "salama" sai na ga sqlq;q. Na ce shikenan Alhaji ya aiko mini da mataccen abu, har na ɗauki salula zan kira shi sai na tsaya na sake kallon haruffan, duk inda na taɓa A sai Q ya hito, Z ya zama W, M ya zama waƙafi mai ɗigo. Akwatin ba ruwanshi. Kilabiye ba harafi yake aikawa ba, lambar gurbin da ka danna yake aikawa, Windows ce ke cewa wanga gurbi A ne ko Q ne. Tsohuwar dama da kilabiyenta na QWERTY na saye ta, an saita ta da tsarin Amurka, ni kuma yanzu na ba ta AZERTY namu na Faransanci. Na shiga wurin saita harshe na ƙara Faransanci, na cire na Ingilishi gaba ɗaya don kada wani ya danna Alt da Shift bisa kuskure ya maido shi. Na ji kunya ni kaɗai a shago, alhamdu lillahi ban kira bawan Allah na zazzaga mishi ba.

Sai batun sauyawa daga kan kilabiye ba sai ka miƙa hannu ka latsa buton ba. Ƴar takardar da ta zo cikin kwali da Ingilishi take, ta ce a danna Scroll Lock sau biyu sannan 1 ko 2. Na duba kilabiyena sama da ƙasa ba wani Scroll Lock, ashe shi ne wanda anka rubuta ma Arrêt défil can sama kusa da Pause, maɓallin da tunda nike ban taɓa taɓawa ba. Na danna sau biyu na danna 1, shiru. A lokacin kilabiye da suri marasa waya nike amfani da su, masu ɗan resepter guda ɗaya tal na su biyun. Da na sa resepter ɗin a ramin da anka zana kilabiye, kilabiye na aiki suri ya mutu. Da na maida shi ramin da ba zane, duka biyun na aiki amma Arrêt défil ba ya sauya komi. Sai daga baya na gane ramukan ba iri ɗaya ba ne. Masu zanen, akwatin ne ke saurarensu da kanshi, shina karɓar abin da ka danna sannan ya yi ma ordinater shigar kilabiye ya miƙa mata, ta nan yake jin umarnin sauyawa, kuma kilabiye zalla ya sani, ba ya gane resepter mai ɗauke da abu biyu. Marasa zanen kuwa hanya ce kawai, abin da ya shigo ya wuce, ba ya sauraro.

Na tono tsohon kilabiye mai waya AZERTY da suri mai waya na sa kowane a raminshi. Har yanzu shiru, kuma nan laihin hannuna ne, mu da munka saba da AZERTY in za mu buga 1 a layin sama sai mun riƙe Shift, to hannuna da kanshi yake riƙewa, akwatin kuma gurbin kawai yake jira ba tare da Shift ba, wato wanda ke ba da & a wurinmu. Na lambobin gefen dama ma bai karɓa ba don lambar gurbinsu daban ce. Da na danna Arrêt défil, Arrêt défil, & da sauri sai na ji ƙit, hoto ya koma. Wani abu kuma, in ka yi nawa tsakanin dannawa biyun ko ka danna sau ɗaya ka fasa, Arrêt défil na zama a kunne, sai ka shiga Excel ka ga kibiya ba ta matsawa daga gida zuwa gida sai dai shahin duka ya riƙa zamewa. Wata ɗaliba ta kusa kuka a kan haka tana cewa tablo ɗinta ya lalace.

Duk waɗannan wasa ne. Babbar matsalar ita ce suri ya riƙa ɗaukewa haka kawai. Kana cikin aiki sai ka ji ƙarar nan ta Windows ta an cire abu, tulun, jan hasken ƙarƙashin suri ya mutu, bayan daƙiƙa uku ko biyar ka ji ta an sa abu, ya dawo. Wani lokaci kilabiye ma ya bi shi, ko harafi guda ya maƙale ya yi ta eeeeeeee har rabin layi. Wata rana sau biyu, wata rana sau ashirin, wata rana ko sau ɗaya. Abin da ba ya zuwa kullum shi ya hi wuyar kamawa, in ka gyara wani abu ya yi shiru awa uku sai ka ce ka gama, ka je ka yi alfahari a fada wurin shan shayi, gobe ya dawo.

Ba abin da ban zarga ba. Na ce birus ne na goge tsohuwa na sake mata Windows, bai bari ba. Na shiga Gestionnaire de périphériques na bi duk inda anka rubuta concentrateur USB na cire alamar da ke ba ordinater izinin kashe na'ura don tattalin wuta, na shiga saitin wuta na kashe suspension sélective USB, duka injinan biyu. Wannan ya yi amfani ta wani gefen, portabul ta daina rasa suri in ta daɗe ba a taɓa ta ba, amma ɗaukewar tsakar aiki tana nan. Na sauya wayar USB da ta imprimanti, na cire wata doguwar ralonjin USB da na ƙara don na san USB 2.0 bai son ya wuce mita 5. Na maida wayar tsohuwa daga ramin gaba zuwa na baya wanda ke manne da kat mer, wato babban allon cikin injin, kai tsaye. Na hure ramuka da famfon hura ƙura don iskar hunturu ba ta bar komi ba a garin nan. Kuma kuskurena duk a yini guda nike yin uku huɗu, in abin ya lafa ban san wanne ya yi aiki ba, in ya dawo ban san wanne zan warware ba.

Daga baya na kira Alhaji na Yamai, munka gaisa na ce Alhaji abin nan fa shina ba ni wahala. Ya ce in maido ya sauya mini ba komi, amma kafin nan in samu kaye in riƙa rubuta lokacin da abin ke faruwa da abin da ke jone, kuma in bar taɓa komi na kwana uku. Na ji haushin shawarar, kamar likita ya ce ka je ka sha ruwa, amma na yi. Kwana uku na duba kaye, da sahe har azahar ba ko ɗaya. Kusan duka bayan la'asar ne. Guda biyu ne kawai da rana, kuma duka biyun na rubuta "ɗalibi ya zo da dis dur".

Mi ke faruwa bayan la'asar? Ƙanena ke tasowa daga lakkal ya zo ya taya ni. Ran na huɗu na zauna ina kallonshi ta wutsiyar ido, ya shigo ya ce Yaya sannu da aiki, ya aje jaka, ya zaro wayar caji daga aljihu ya cusa salularshi a ɗaya daga cikin ramukan akwatin marasa zane, ya tura ta ƙarƙashin takardu. Ko minti biyu ba a yi ba, tulun. Na ce kai zo nan, tun yaushe kake caji a nan? Ya ce Yaya ai tun ran da anka kawo shi, piriz ɗin bango ta cika kuma wannan ya hi kusa. Ban ma iya yi mishi faɗa ba, dariya ta kama ni.

Lissahin ba wuya. Akwatin ba shi da wutar kanshi, daga ramin USB na ordinater yake sha, ramin USB 2.0 kuwa bolt 5 ne da miliampiya 500, na 3.0 ne ke kai 900. Cikin 500 ɗin nan akwatin zai ci, kilabiye zai ci, suri zai ci, sai ga salula mai yunwa ta zo tana son duka ita kaɗai, ko dis dur na waje wanda lokacin da faifanshi ke tashi yake jan wuta da ƙarhi. Wuta na faɗuwa ƙasa, akwatin ya suma ya farfaɗo, shi ne tulun ɗin da nike ji. Wancan ɗan ramin DC 5V da na raina don haka anka yi shi. Na ɗauko sharjer ɗin salula mai bolt 5 ampiya 2 da wayar micro USB na sa mishi, na ce ma yaron ya maida salularshi, munka zauna muna jira har magariba, ko gezau. Amma ku duba abin da anka rubuta a jikin naku kafin ku cusa, akwai masu son bolt 9 ko 12 da kan sharjer mai zagaye, kada wani ya ƙone nashi ya ce ni na ce.

Saura guda, ita kuma sai ran da kuran ya yanke ya dawo. Inite santaral ta mutu don ondiler ɗina, mai riƙe wuta in kuran ya yanke, batirinshi ya gaji, portabul kuwa tana kan batirinta. Da wuta ta dawo na kunna komi sai akwatin ya ƙame, buton ba ya aiki, kilabiye ba ya aiki, hitila na nan a kunne dishi-dishi. Na cire sharjer na maida, bai farfaɗo ba. Na cire wayoyin USB duka biyu, hitilar nan ba ta mutu ba! Na tsaya ina kallon abu ba sharjer ba USB amma da haske kamar aljani. Ashe wayar HDMI ma tana ɗauke da bolt 5 kaɗan a ɗaya daga cikin ƙafafunta, ta 18, don ordinater ta iya tambayar ekaran ko wane ne shi ko da a kashe yake, to wannan ƴar wutar daga portabul ita ta riƙe akwatin tsakanin rai da mutuwa, bai mutu sarai ba bare ya tashi da hankalinshi. Sai da na cire duk wata waya da ke jikinshi, na ƙirga goma, na sa sharjer, na sa ekaran da kilabiye da suri, sannan ordinatocin. Ya tashi lahiya lau. Yanzu na rubuta wannan jerin a takarda na manna a bango don in ba ni nan yaron ya san yadda zai yi, kuma ba kowace yankewar wuta ke jawo shi ba, sai wadda ta yi ƙyaf-ƙyaf ta tahi ta dawo.

Akwai abin da ban iya gyarawa ba kuma na haƙura. In na sauya zuwa tsohuwa na dawo, portabul sai ta ɗauka an cire mata ekaran, duk tagogin da na jera su tattaru su ƙanƙance, sai na sake ja. Ekaran na da wani bayani da yake ba ordinater, EDID ake ce mishi, girmanshi da irin hoton da yake ɗauka, akwatuna masu tsada suna riƙe kwahin bayanin su ci gaba da nuna ma ordinater kamar ekaran na nan, nawa mai arha ne ba ya yi. An ce mini akwai ɗan abin da ake sawa tsakanin waya da akwati ya yi wannan aikin, ban kai ga saye ba, daƙiƙa biyu ce ta jan taga.

Sai abin da ya sa gabana ya faɗi, kuma ni da kaina na yi shi ba yaron ba. Tunda wuta ta wadata sai ramukan nan biyu sunka zama masu daɗin amfani, ga su nan gaban hannu ba sai ka sunkuya ƙarƙashin tebur ba. Wani ɗalibi ya miƙo kile na cusa a akwatin, na buɗe kan tsohuwa, ga rakursi nan birjik kamar kullum, sai salula ta yi ƙara wani na son in duba mishi abu a portabul, hannuna ya tahi Arrêt défil, Arrêt défil, &. Na ji portabul ta yi ƙarar an sa sabon abu. Kile ɗin ya biyo ni, ai duk abin da ke jone a ramukan gaba tare suke ƙaura da kilabiye da suri. Na fizge shi kafin in buɗe komi, Windows Defender ya bincika bai ga komi ba, Allah ya kiyaye, amma shekarun da na yi ina raba injinan nan biyu saura ƙiris ɗan akwati ya haɗa su cikin daƙiƙa guda. Ko ba birus ma, in kana cikin kwahin dosiye ka sauya, daidai yake da ka fizge kile tsakar aiki, memwar ɗin mutum ta lalace a hannunka.

Na ɗauko sikoc baƙi na masu gyaran wuta na liƙe ramukan biyu, na jawo ƴar gajerar ralonjin USB daga bayan tsohuwa zuwa kan tebur na rubuta mata KILE da marker. Ƙanena ya shigo bayan la'asar ya ga sikoc ya ce Yaya to ni ina zan yi caji, na ce mishi ya cire na bantilater.